Ranar da Kunkurun Malam Haladu Ya Yi Gudu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Larabar nan da na tsaya a gefen filin ƙwallo, sifana a hannu, ina kallon injin yankan ciyawa yana sheƙa gudu ba kowa a kansa. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha tambayata labarin tsohuwar hular da ke rataye a ƙusa saman allon katunan aiki, ni kuma kullum sai in ce muku wata rana. To, tunda ritayata ta ƙarato, gara in ba ku labarin da bakina, kafin Sabo direba ya ba ku nasa da ƙarin gishiri.

Saboda waɗanda ba su san wurin ba, makarantar kwana ce ta gwamnati a tsakanin Gaya da Ajingi. Ba zan kama sunanta ba, wanda ya sani ya sani. A lokacin ni ne foman na gareji, ina matakin albashi na shida. Duk abin da ke shan mai a makarantar yana wuyana: bas, janareta, injin tura ruwa, injin niƙa na kicin. Kowane inji yana da katin aiki. Ƙa'ida ita ce ko ƙusa ɗaya ka kwance sai ka rubuta a katin ka sa hannu, sito-kifa, mai kula da ɗakin ajiyar kaya, ya ajiye kwafi. Ku riƙe wannan, don labarin duka a kansa yake.

Injin yankan ciyawar ya zo ne cikin wasu kaya da aka raba wa makarantu. Kamarsa ɗaya da ƙaramar tarakta: taya huɗu, kujera, sitiyari, sai wani faranti a ƙarƙashin cikinsa mai wuƙaƙe biyu da ke juyawa suna aske ciyawa. Iyakar gudunsa bai wuce na mutum mai sauri zuwa masallaci ba. Ranar da aka sauke shi, Sabo direban bas, mutumin Gafasa, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan ai kunkuru ne." Sunan da ya bi shi ke nan har ƙarshe.

Direbobi suka ga hawansa raini ne, leburori kuma suka ji tsoron wuƙaƙen. Mutum ɗaya ne ya ce a ba shi, Malam Haladu mutumin Kademi. Lebura ne mai shara, mataki na uku, kuma ya girme ni da kusan shekara goma. Shan inna ya cinye masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, don haka da sanda yake tafiya, hannu ɗaya dafe da gwiwa. Mutum ne mai tsafta, ba ka taɓa ganinsa ba hula, kuma magana ba ta dame shi ba.

Matsala biyu muka samu kafin ya iya hawa. Ta farko, birkin injin a ɓangaren hagu yake, inda ba shi da ƙafar takawa. Na kai shi wurin mai walda muka sa masa wani dogon ƙarfe da zai riƙa ja da hannu. Wannan na rubuta shi a kati, har yau kuma ina alfahari da shi. Ta biyu ita ce ta makunnin kujera. Masu ƙera injin sun sa wani ɗan makunni a ƙarƙashin kujerar, yadda muddin akwai nauyin mutum a kai injin zai ci gaba da aiki, da zarar mutum ya tashi ko ya faɗo sai ya mutu da kansa. Malam Haladu kuwa a karkace yake zama, nauyinsa duka a dama, ga shi ba shi da jiki. Da ya ɗan taka gargada sai injin ya mutu. Wata Juma'a sau uku yana zuwa ya same ni, ina fama da janareta, lokacin masallaci yana ƙurewa. Raina ya ɓaci. Na ɗaga kujerar, na yanke wayoyin makunnin guda biyu, na murɗe su wuri guda, na naɗe da jan tef. Abin da muke kira a haɗa dairek ke nan, kuma duk makaniken da ya ce muku bai taɓa yi ba, ku tambaye shi ko ya taɓa riƙe sifana. Shi kansa Malam Haladu bai san abin da na yi ba, ya dai ga injin ya daina mutuwa ya yi ta sa min albarka. Na wanke hannu na tafi masallaci, ban rubuta komai a kati ba.

Shekara tara yana hawan Kunkuru. Filin ƙwallonmu ya zama abin kwatance, har daga wasu makarantu ake zuwa buga wasa a kansa. Amma tsokana ba ta bar shi ba. Akwai wani benci a gindin darbejiya gaban gareji da ake kira bencin direbobi, nan suke shan koko da safe. Malam Haladu a can ƙarshensa yake ɗosana jiki, in an cika kuma ya koma kan tsohuwar taya. In ya wuce a kan injinsa sai Sabo ya ɗaga hannu ya ce, "Direban Kunkuru, a sauka lafiya! In ka isa waccan raga ka gaishe su, sai mun gan ka jibi." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Muna dariya duka, har da ni. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko abin yana yi masa ciwo ba.

Ana nan, wata damina farantin ya tsage, ƙarfen da ke juya wuƙa ɗaya ya karye. Sau biyu ina zuwa Kano wurin 'yan kayan gyara ban samu irinsa ba. Na rubuta rahoto, aka sa injin cikin jerin kayan da ke jiran bodin. Bodin shi ne a turo kwamiti daga sama ya duba kayan gwamnati da suka mutu, ya tabbatar sun mutu, sannan a yi gwanjonsu. Kafin kwamitin ya zo, wanda yakan ɗauki shekaru, ba mai ikon taɓa kayan, ko da injin cikinsa lafiyarsa ƙalau kamar na Kunkuru. Aka tura shi rumfar bayan gareji. Malam Haladu ya koma tsintsiya, saura wata huɗu ya cika shekara sittin ya yi ritaya. Duk da haka kullum da safe sai ya shiga rumfar da tsumma ya goge injin tas kafin ya fara shara.

Cikin dogon hutu ya same ni a gareji ni kaɗai. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na san da magana. Can ya ce 'yarsa mai karatun jinya ta nuna masa wani abu a wayarta: Turawa sun cire wa irin injinsa wuƙaƙe suna tsere da shi a fili, ƙura na tashi.

"Oga, ashe Kunkuru yana iya gudu," in ji shi. "Ta ce wai fuli kawai ake canzawa."

Na ce, "Malam Haladu, kayan bodin ne. Ka san doka. Kuma kai da girmanka, me za ka yi da tsere?"

Ya dubi sandarsa. Sannan ya ce, "Oga, ka taɓa yin gudu?"

Na yi dariya na ce wane ne bai taɓa gudu ba.

Ya ce, "Ni. Ban taɓa ba. Ina yaro in an saki tsere a dandali ni ake ba riguna in riƙe. Keke ban iya ba, babur kuwa sai dai a goya ni kamar buhu. Abu ɗaya na taɓa tuƙawa da hannuna a duniya, shi ma kunkuru ake ce masa. Sau ɗaya nake so, Oga, kafin in koma Kademi in zauna."

Tausayi ya kama ni, da kunyar dariyar da na sha yi a gindin darbejiya. Na san doka sarai, amma a wannan lokacin sai na ga dokar ta yi min ƙanƙanta. Na ce masa zan yi, bisa sharaɗi uku: ba wuƙa, ba fita daga filin ƙwallo, kuma kada ya kuskura ya taɓa abin da muke kira gwamna a jikin injin.

Bari in bayyana aikin don masu koyo. Injin yana tura ƙarfinsa zuwa giyabos ta bel da ke zagaye fuli biyu, wato 'yan faifan ƙarfe masu juyawa, ɗaya a jikin injin, ɗaya a giyabos. In ka girmama na injin ka ƙanƙanta na giyabos, tayoyi za su fi juyawa da sauri ba tare da ka wahalar da injin ba. Na sauke farantin wuƙaƙen gaba ɗaya. Na ciro babban fuli daga wani mataccen injin niƙa na kicin, mai walda ya daidaita min bakinsa, na samo ƙarami da bel ɗin da ya dace. Kwana biyu na yi a kai. Da na gwada da kaina, ya kai gudun mai keke da ba ya gaggawa, birki kuma yana kamawa, ko da yake da ƙyar, don an yi shi ne don tafiyar ƙafa. Shi kuma gwamna wani ɗan hannu ne mai sifirin kusa da kafireta, aikinsa ya hana injin wuce iyakar juyin da zai iya ɗauka. Shi ne ban taɓa ba. Na duba taya, na duba sitiyari, na ɗaure duk wani noti. Na ɗaga kujerar ma don in ƙara ɗaure ta, idona ya sauka a kan jan tef ɗin nan, na mayar da kujera na rufe. Shekara tara ba abin da ya faru, ban ga dalilin da zai faru yanzu ba.

Litinin da Talata Malam Haladu ya yi ta zagaye fili, baki har kunne. Masu gadi suna tafa masa. Da a nan abin ya tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ranar Talata da yamma Sabo ya ce, "Wannan ne gudun? Ni da tsohon kekena sai in ba ka rata in kamo ka. In ka riga ni daga wannan raga zuwa waccan, na bar maka wurina a tsakiyar benci har ka yi ritaya." Aka sa Laraba da hantsi.

Abin da ban sani ba shi ne, da sassafe Malam Haladu ya shiga rumfa da guntun robar tayar keke. A fadamarsu haka manoma ke yi wa injin ban ruwa in suna son ya ƙara turo ruwa: su ɗaure hannun gwamna da roba ya daina ja da baya. Ya sha ganin ƙanensa yana yi, a wurinsa ba wani abu ba ne.

Makon ƙarshe na hutu ne, ba ɗalibai, amma ma'aikata sun fara dawowa. Masu girki su bakwai suna zaune a gindin mangwaro bayan raga ta can ƙarshen fili, suna tsintar waken da za a fara dafawa in an dawo. Shugabarsu Inna Talatu ce, dattijuwa mai jiki, wadda ko shugaban makaranta yana shakkar bakinta. Mai gadi ya ɗaga hannu ya sauke, Sabo ya taka keke, Malam Haladu ya saki ƙarfen hannunsa.

Ƙarar da na ji ce ta fara gaya min an taɓa gwamna. Injin da na sani yana gurnani, yanzu ihu yake. Na ruga ina kiran sunansa, ina, ko waiwaye bai yi ba. Kafin tsakiyar fili ya wuce Sabo kamar Sabo a tsaye yake. Na ga hularsa ta tashi sama ta faɗi a ciyawa, na kuma ji shi ya ƙyalƙyale da wata irin dariya da ban taɓa jin ya yi ba. Da ya doshi raga sai ya saki sitiyari da hannu ɗaya don ya ja ƙarfen birki, kamar yadda ya saba shekara tara. A tafiyar kunkuru hannu ɗaya ya isa riƙe sitiyari, a wannan gudun bai isa ba. Tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami, sitiyarin ya fizge, injin ya watsar da shi gefe.

A nan ne ya kamata injin ya mutu. Don wannan lokacin kaɗai aka yi makunnin kujera. Bai mutu ba. Ya miƙe sak ya nufi gindin mangwaro, ba kowa a kansa. Mata suka watse suna salati. Inna Talatu ta yunƙura za ta tashi, zaninta ya harɗe ta, ta faɗi a kan hannunta, injin ya wuce ta da tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba. Ya bi ta kan kwanonin wake ya daki gindin bishiyar, tayoyin baya suna ta haƙar ƙasa har na iso na fizge wayar fulogi, injin ya mutu. Da wurin ya yi tsit, na zauna a ƙasa cikin wake.

Malam Haladu ya goce a kafaɗa, fuskarsa duk ta ƙuje. Da muka ɗago shi abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya taka? Don Allah wa ya taka?" Inna Talatu ta karye a wuyan hannu. Sabo ne ya kwashe su a bas zuwa asibitin Gaya. Ni na koma fili na tsince hular na sa a aljihu.

Washegari shugaban makaranta ya dawo daga Kano. Kafin azahar ni da Malam Haladu mun karɓi takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri, a ba da amsa cikin kwana ɗaya. Ga abin da ya sa hankalin kowa ya tashi: wanda ya yi ritaya yana tafiya da haƙƙinsa da mutuncinsa, wanda aka kora kuwa ya tafi hannu rabbana, kuma a ƙauye irin Kademi har jikokinsa sai an nuna su an ce kakansu ne aka kora daga aiki. Saura wata uku da 'yan kwanaki mutumin nan ya gama lafiya.

A amsata na rubuta cewa ni na canza fuli ba da izini ba, na kuma rubuta cewa na gargaɗe shi kada ya taɓa gwamna ya taɓa. Duk gaskiya ne. Amma ban ambaci jan tef ba. Na gaya wa kaina ba a tambaye ni ba. A shekarar sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma zuwa mataki na bakwai, abin da na daɗe ina jira, kuma ba zan ɓoye muku ba, shi ne ya riƙe min alƙalami.

Bayan mako guda kwamiti ya zauna: mataimakin shugaba, sito-kifa, da wani injiniya da aka turo daga ofishin shiyya, matashi ne amma ya san aikinsa. Bai tsaya karanta takardu ba, ya ce a kai shi wurin injin. Ya ga robar gwamna ya girgiza kai. Sannan ya ɗaga kujera, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Roba ita ta jefar da direba. Amma abin da ya kusa kashe baiwar Allah nan wannan ne. Wa ya haɗa wayoyin nan?" Sito-kifa ya duba kati gaba da baya, ba komai.

Kafin in buɗe baki Malam Haladu ya ce, "Ni ne, Yallaɓai."

Mataimakin shugaba ya ajiye biro ya ce, "Malam Haladu, ka san abin da kake faɗa? Gwamna kai, makunni kai. In haka ne ba abin da zan iya rubutawa sai kora." Ya ce ya sani. Daidai nan aka kira azahar, aka ɗage zama sai bayan salla.

A sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa a naɗe, ko kabbara da hannu ɗaya yake ɗagawa. Ban san abin da liman ya yi ba a sallar nan, Allah ya yafe min. Da aka sallame, muna neman takalma, ya matso ya ce a hankali, "Oga, ka yi shiru. Ni na roƙe ka, ni na jawo. Ni dama tafiya zan yi, kai kana da sauran shekaru, ga yara a makaranta. Ka yi min abin da ba wanda ya taɓa yi min, ka bar ni in biya." Na dube shi, mutumin da nake bari ya zauna a kan taya alhali ina kan benci, na ji na raina kaina ƙwarai.

Da aka koma na ce, "Yallaɓai, ina da magana. A tambayi Malam Haladu wayoyin nan kala nawa ne a cikin tef ɗin, in ya faɗa daidai a kore mu tare. Bai ma san akwai makunni a wurin ba sai yau. Ni na haɗa su, wata Juma'a, shekara tara da suka wuce, ban kuma rubuta ba. Da na canza fuli na gan su da idona na mayar da kujera." Malam Haladu ya ce, "Haba Oga," ya sunkuyar da kai.

Injiniyan bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya tambaye ni dalili, na gaya masa yadda mutumin ke zama a karkace. Sai ya karɓi sukundireba a hannuna ya nuna min ƙusoshi biyu da suka riƙe makunnin. Ya ce, "Malam, da ka kwance waɗannan ka matsar da shi dama kamar yatsa huɗu, inda nauyinsa yake, shi ke nan. Aikin minti goma ne." Yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, a gaban sito-kifa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Muna cikin haka sai ga Inna Talatu, ba wanda ya kira ta, hannu a ɗaure da karan ɗori. Ta ce da mataimakin shugaba, "Ranka ya daɗe, an ce za ku kori Haladu saboda ni. To in kun kore shi hannun nawa zai ɗoru da wuri ne? Ni na yafe. Shekara nawa ina ganin bawan Allah nan yana jan ƙafa a makarantar nan, ranar nan ce kaɗai na ji dariyarsa, ko da yake ban ji ƙarshenta ba, ina ƙasa." Har injiniyan sai da ya dara. Ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma foman, waken da kuka zubar, kai za ka tsince shi." Na kuwa tsince, kwana biyu ina yi.

Hukunci ya fito bayan sati biyu. Malam Haladu ya sami gargaɗi mai ƙarfi, aka bar shi ya ƙarasa aikinsa. Sabo ya sha faɗa a ofis. Ni aka sa min takardar gargaɗi a fayil, ƙarin girman kuma sai bayan shekara biyu na gan shi. Ya yi min ciwo, ba zan ce bai yi ba, amma ban taɓa jin an zalunce ni ba. Aka umarce ni in mayar da injin yadda yake a kulle. Na mayar da fulinsa na asali, na cire robar, sannan na warware jan tef ɗin, na matsar da makunnin dama yatsa huɗu, na rubuta a kati na sa hannu. Sito-kifa ya ce ihu bayan hari ke nan, injin da ba mai sake hawa. Na ce na sani. Na duba agogo kuwa, minti goman ma bai cika ba.

Tun daga ranar da Malam Haladu ya dawo aiki, da ya doso darbejiya Sabo zai tashi ya kaɗe tsakiyar benci da hularsa ya ce, "Direba, bismilla. Alkawari kaya ne, ka riga ni." Da farko ya ƙi, daga baya ya riƙa zama, ana miƙa masa koko kafin kowa.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa. Duk makunnin da kuka gani a jikin inji, wani ne ya taɓa jin ciwo kafin a sa shi. In ya dame ku, ku nemi dalilin da ya sa yake damunku, kada ku kashe shi da tef. Abin da kuka ji ba ku son rubutawa a kati, to shi ne bai kamata ku yi ba. Tausayin da na ji wa Malam Haladu ban yi nadamarsa ba har gobe. Inda na gaza shi ne na ba shi kwana biyu don ya yi gudu, na hana shi minti goma don ya tsira. Kuma ku riƙa duba wanda ke zaune a ƙarshen benci, don ranar da ta ɓaci shi ne ya miƙa wuyansa a madadina.

Ranar da ya yi sallama da aiki na raka shi bakin titi neman motar Kademi. Na ciro hular, na wanke ta na goge, na miƙa masa ina ba shi haƙuri. Ya juya ta a hannu ya ce, "Oga, haƙurin me? Hannun Inna kaɗai ke damuna, kullum ina roƙa mata lafiya. Amma ka ga hular nan? Shekara sittin, iska ba ta taɓa cire min hula ba sai in ita ta taso ta same ni a zaune. Ranar nan ni na je na same ta." Ya mayar min da ita ya ce in rataye a gareji, in wani ya ce Haladu bai taɓa gudu ba, in nuna masa.

Ita ce kuke gani a ƙusa. In na tafi, kada wanda ya sauke ta.